Masaƙar Da Malam Kailani Ya Ɗaura A Baibai

Ranar da na kai surukina Alhaji Jafaru gidan tarihin Malam Kailani, ni na jawo wa kaina. Mutumin ya zo daga Hanwa, unguwar ma'aikata, barkar suna, ya ci ya sha, har ya sa takalmi, na ce sai ya ga abin da muke da shi a Tudun Wada wanda ma'aikatan gwamnati ba su da shi. Muka shiga. Na tsaya gaban wani ɗan katako mai kama da ƙaramin kwalekwale, na saci kallon takardar da aka liƙa a ƙarƙashinsa, na gyara murya.

"Wannan, Alhaji, mazubin taba ne na fataken da. Kakana ma yana da irinsa, na sha ɗauko masa."

Kakan nan shekara tara da rasuwarsa aka haife ni, amma ba wannan ne ya tona ni ba. Wata tsohuwa ce, Inna Kulu mai koko, tana zaune bakin ƙofa, ma'aikaciyar asibiti ta ɗaura mata abin awon jini a dantse. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ƙoshiyar saƙa ce, ɗan nan, zare ake sa mata. In kakanka taba yake zubawa a ciki, Allah ya ji ƙansa. Ashe abin naka gado ne."

Alhaji Jafaru ya yi dariya har hularsa ta zame. Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko tabar ta ƙare.

To wanda ya rubuta takardar nan shi ne Malam Kailani, kuma labarinsa nake son bayarwa, ko na huce.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana masinja a wata makarantar firamare, yana kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan a kan keke. Sauran masinjoji suna dawowa gida da ɗan ƙunshin nama, shi yana dawowa da abin da mutane suka jefar: fitilar aci-bal-bal, akushin da ya tsage, dutsen guga na gawayi, rediyon da ya yi shiru tun zamanin soja. Masu sayen tsohon ƙarfe sun tsane shi, don duk gidan da za a rushe yana riga su zuwa. Matarsa Ishatu ta yi magana har ta gaji, ta koma addu'a. Da ya yi ritaya sai ya share zauren gidan mahaifinsa da ɗakin da ke jikinsa, ya jera kayan a kan katako, ya sa aka rubuta masa GIDAN TARIHI a saman ƙofa da fenti shuɗi. Jama'a suka yi ta tururuwa, wato akuyar maƙwabta da wani mai gyaran takalmi da ke fakewa in ana ruwa.

Haka ake har Malama Rahma ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma tana da matsalar da ba a koya mata a makaranta ba. A wurinmu dattijo ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa. In aka gan shi a layin kati da safe, kafin azahar an fara sallama a gidansa ana ya jiki, kafin la'asar 'ya'ya sun fara tuna cewa yana da fili a Dutsen Abba. Saboda haka hawan jini yana ta cin mutane a tsaye, su kuma suna cewa rana ce ta yi zafi. Malama Rahma ta roƙi Malam Kailani ya ba ta benci ɗaya a zaure duk ranar Alhamis, tunda ba wanda zai ce an ga wane a asibiti. Ya ba ta. Alhamis uku ta yi tana auna Malam Kailani shi kaɗai. Da ta samu dama da ta auna akuyar.

A mako na huɗu Malam Kailani ya rubuta a jikin dutsen gugar nan cewa na Lawal tela ne. Ashe na wani telan ne da suka yi shekara ashirin ba sa ga maciji da Lawal ɗin. Dattawa biyar suka zo gyara masa, uku daga cikinsu ban san suna iya tafiya da sauri haka ba. Malama Rahma ta auna duka biyar, ta tura biyu wurin likita.

Daga ranar takardun Malam Kailani suka lalace gaba ɗaya. Mazarin kaɗi ya zama abin sakace haƙori na sarakuna. Ƙahon wanzami ya zama abin busa. Mu masu ilimi a majalisar mai shayi muka yanke hukunci cewa tsufa ne ya kama shi, muka tausaya masa daga nesa. Tsofaffi kuwa, waɗanda za su iya haƙuri da ciwon kai na shekara amma ba za su iya haƙuri da kuskuren wani na minti ɗaya ba, suka mayar da Alhamis ranar kasuwa. Har doka Malama Rahma ta kafa: sai an auna mutum a bakin ƙofa kafin ya shiga, don ta lura duk wanda ya fara karanta takardun, jininsa ba ya aunuwa.

Mutum ɗaya ne bai zo ba, kuma shi Malam Kailani yake jira.

Baba Nagoda shi ne masaƙi na ƙarshe a layinmu. Da yadin kanti ya kashe sana'ar, ya naɗe masaƙarsa ya ba Malam Kailani, lokacin da kowa ke kiransa mai tara shara. Bara matarsa ta rasu, bayan shekara hamsin da wani abu suna tare. Aka yi sadakar arba'in, Baba Nagoda ya shiga ɗaki bai sake fitowa ba. Wata bakwai. Maganin hawan jinin da likita ya rubuta masa yana jere a bakin taga kamar kayan ado. Ƙafafunsa suka kumbura. Malama Rahma ta je har gida sau biyu, ya juya wa bango fuska ya ce wanda ya gama aikinsa ba ya bukatar ƙwaya. Ta gaya wa Malam Kailani ba tare da kwana-kwana ba cewa in aka ci gaba a haka, ɓarin jikinsa zai shanye, ko abin da ya fi haka, kuma ba da nisa ba.

Ana cikin wannan ne na sha kunyata a gaban suruki. Washegari na je neman hakkina. Na tarar da Malam Kailani a tsakar gida ya kafa masaƙar, yana share gumi.

"Malam, ka sa an yi min dariya a gaban surukina."

"Salmanu, takarda ta ce mazubin taba. Ba ta ce da kakanka ba, kai ka kawo shi."

Sai ya waiwaya hagu da dama, ya jawo hannun rigata, ya rage murya.

"Zan gaya maka wani abu, amma don Allah ya tsaya tsakaninmu. Masaƙar nan ban san yadda ake ɗaura ta ba, da ka na yi. Don kada a raina aikin sai na rubuta cewa Baba Nagoda ne ya ɗaura ta da hannunsa, yadda mahaifinsa ya koya masa. Tunda ba fitowa yake ba, wa zai gaya masa? Kada ka faɗa wa kowa."

Na ce masa haba Malam, ai cikina rijiya ne.

Na riƙe amanar nan tun daga ƙofar gidansa har teburin mai shayi, tafiyar da ta kai minti huɗu. Bayan la'asar kuma sai zumunci ya motsa min, na tuna na daɗe ban gaida Baba Nagoda ba. Na same shi kwance, ɗakin yana warin rufi. Na yi gaisuwa, ya amsa da ƙyar. Na yi zancen ruwan bana, ko ido bai buɗe ba. Sai na ce ashe Baba an koma aiki ba mu sani ba, na ga masaƙar da ka ɗaura, da sunanka da na mahaifinka a jiki, mutane sai kallo suke.

Ya buɗe ido. "Kunkurun yana ina?"

Kunkuru shi ne katakon da ake ɗora wa dutse can gaba da nisa, ya riƙe zaren a miƙe. Wannan ma a ranar na sani. Na ce in dai mai dutsen nan ne, yana bayan kujerar masaƙin.

"A baya."

"A baya, Baba. Har an ɗan yi masa fenti."

Na fito ina jin na yi aikin lada.

Ranar Alhamis da hantsi ina zauren, don irin wannan ba a ba mutum labari. Sai ga shi ya ɓullo daga kan kwana, da sanda, ƙafa cikin silifas ɗin da ya yanke wa baki don ta shiga. Tafiyar gida shida ta ɗauke shi kusan rabin awa, ya ƙi a riƙe shi. Ya nufi ƙofar tsakar gida, Malama Rahma ta miƙe ta tsaya a gabansa.

"Barka da fitowa, Baba. A kawo hannu."

"Ba wurinki na zo ba, 'yata. Matsa."

"Ba a shiga sai an auna. Ko Inna Kulu sai da ta bayar."

"Ni ba maras lafiya ba ne."

"Ai nan ba asibiti ba ne, Baba. Gidan tarihi ne, ka duba saman ƙofa."

Ya juya kamar zai koma, kuma na ga fuskar Malam Kailani ta canza, don in ya koma ɗakin nan kowa ya san sai dai a fito da shi. Amma a juyawar sai idonsa ya faɗa ta ƙofa. Ga masaƙar can tsakar gida, kunkuru a baya yana sheƙi da koren fenti, zare ya yi ciki kamar igiyar shanya, ga sunansa da na mahaifinsa da manyan baƙaƙe, yadda ko mai ciwon ido zai karanta daga titi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a benci, ya naɗe hannun riga.

"Yi sauri."

Ta auna. Ta sake aunawa. Ba ta faɗi abin da ta gani ba, sai ta ciro maganinsa na bakin taga, wanda 'yarsa ta kawo mata tun da safe, ta miƙa masa da kofin ruwa, ta ce gobe za ta raka shi wurin likita, kuma ba zai taɓa zare ba sai ya amsa mata duka biyun.

"Kailani," in ji Baba Nagoda, ƙwayar tana tafin hannunsa, "ubana ya yi maka wani laifi ne?"

"Wallahi Baba, iyakar iyawata ke nan."

"Na sani. Abin da ya ba ni tsoro ke nan."

Ya haɗiye ƙwayar. Ya shiga. Sai da ya yi awa biyu yana kwance abin da Malam Kailani ya ƙulla, yana faɗa, Inna Kulu tana taya shi daga bakin ƙofa. Da azahar Ishatu ta kawo tuwo, ya cinye bai ma lura ba, don yana cikin bayanin irin jakancin da ake bukata kafin a yi wa kunkuru fenti.

Yau wata biyar ke nan. Ya ga likita, kumburin ya saɓe, ya koma sallah a masallaci. Ya fara saƙa wani farin zane, wai in ya gama shi ke nan, ya wanke sunan mahaifinsa, zai koma ya huta. Sai dai zanen ya ƙi ƙarewa. Duk ranar Laraba Malam Kailani yakan zauna ya taimaka masa da taƙi ɗaya, saƙar da in ka ɗaga ta za ka hango gadar Kwangila ta ciki. Duk Alhamis Baba Nagoda yakan zo, ya ba da hannu a auna, ya shiga ya warware taimakon, yana roƙon Allah ya raba shi da masu taimako.

Ni sai a makon jiya abin ya faɗo min, da na ga Malam Kailani ya gyara wani zare da ya tsinke cikin ƙiftawar ido, da hannun wanda ya san abin da yake yi. Na tare shi a zaure.

"Malam, ashe ka iya. Ashe duk ƙaryar takardun nan da gangan ne. Mutum da furfurarsa, gidan tarihi guda, ba gaskiya ko ɗaya a jikin bango. Kuma da bakinka ka ce min asiri ne, kada in faɗa wa kowa. Da na riƙe fa? Da yanzu Baba Nagoda yana ina?"

Ya ci gaba da goge ƙoshiyar nan da gefen rigarsa, bai ko ɗago ba.

"Da ka riƙe, Salmanu, da na sa ka a kan katakon can na liƙa maka takarda, don ba a taɓa gani ba. Asibiti sun kawo abin awo, ni na kawo masaƙa. Abin da ya rage shi ne mai kai saƙo, kuma shekara talatin da ɗaya na yi ina masinja, ban taɓa ganin keken da ya kai bakinka sauri ba."