Tarkon Barmo Na Tara

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar abokina Barmo maharbi, kuma har yau ban taɓa shiga dajin da ke yamma da Dayi ba sai da doguwar sanda a hannu.

Barmo Bamaguje ne, ni Musulmi, amma tare muka tashi. Sana'arsa ɗana tarkon ƙarfe, irin mai haƙoran nan, saboda kura da gadu. Na sha faɗa a kasuwar Malumfashi cewa tarkonsa ya taɓa cafke guguwa ya riƙe ta kwana biyu. Na ƙara gishiri, amma ba da yawa ba, don da idona na ga ƙafar gadu da ya datse kamar rake.

Al'adarsa, duk inda ya binne tarko sai ya ƙulle kan ciyawar wurin, ƙulli uku, don mai wucewa ya kauce. Kakar da ya kwanta ciwo yana da tarko tara a ƙasa. Sai masu farautar gafiya suka cinna wa dajin wuta, ta lashe alamun duka. Da na je dubiya ya kwatanta mini wurare takwas, muka je muka tono su.

Na koma na ce, “Barmo, na taran fa?”

Ya ce, “Audu sarkin surutu, bar ni in huta. Gobe da kaina zan kai ka.”

Washegari muka binne shi.

Yanzu zamanin auduga ne. Motoci na ta jigila zuwa Funtua, kowa na saran daji. Bana mai gari ya yanka mini fili, kuma bai tashi yankawa ba sai a tsakiyar dajin nan. Mutane na cewa ai tsatsa ta cinye tarkon. Ba su san Barmo ba. Mutumin da ke shafe tarko da man kaɗe kamar mai shirya amarya? Tarkon yana nan ƙarƙashin ƙasa, baki buɗe, yana jira. In na shuka, matata Hajo da maƙwabtanta ne za su shiga tsintar auduga, ƙafa ba takalmi. Wannan tunanin ya rage mini tuwo, ni da ake cewa na fi fara ci.

Nakan ce, da Barmo zai leƙo ya gan ni, ƙato da furfura, ina dungurin ƙasa taku bayan taku, zai yi dariya har ya faɗi. Sannan zai daina dariyar, don a rayuwarsa tarkonsa bai taɓa kama ɗan Adam ba, kuma da wannan yake tinƙaho, ba da yawan kurayen da ya kashe ba.

Bakansa da kibansa sun watse a hannun dangi. Abin da ya rage mini shi ne ƙullin nan. Duk ɓangaren da ban dungura ba tukuna, na ƙulle ciyawarsa uku-uku, kuma ba mai sa garma a ciki. Damina na iya wuce ni, na yarda. Ranar da ƙarfen ya cafke sandata, zan ɗauke shi in kai bakin kabarinsa in ce, “Barmo, ga na taran. Yanzu ka huta.”