Shekarar da Muka Kwashe Kifi a Duro

Duk wanda na gaya wa cewa na yi shekara goma a ƙungiyar masunta a Madina sai ya dube ni ya ga ko zolaya nake yi. Jikokina ma dariya suke, su ce da Larabci wai kakansu ya kama kifi a cikin yashi. Ta yara ba ta damuna, amma in babba ya yi wannan dariyar raina yakan ɓaci, domin mutanen da suka kafa ƙungiyar nan sun wuce a yi musu dariya, kuma yau ni kaɗai na rage a cikinsu.

A Madina aka haife ni. Kakana ya zo aikin hajji a ƙasa daga wajen Katsina, bai koma ba. Lokacin da abin ya fara, wajen tsakiyar shekarun 1970, ina da mata da 'ya'ya biyu da shagon walda a unguwar Sultana. Ban taɓa ganin kogi ba, kifin da na sani shi ne na teku da ake kawowa cikin ƙanƙara. Kuma ina da baki. Wannan kowa ya shaide ni a kai, har mahaifiyata.

Wani direban tanka, mutumin Chadi, shi ya gano wurin. Motarsa ta yi zafi a hanyar da ta wuce Bi'ir Ali, tafiyar fiye da awa guda, ya gangara wani kwari neman inuwa. A gindin wasu duwatsu baƙaƙe ya tarar da tafki, ruwa na tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse, ga kifi na yawo a ciki. Bai gaya wa kowa ba sai wani tsoho da ke zaune a unguwar Al-Sih, mai sayar da asawaki a kusa da Harami. Tsohon basarke ne daga Yauri, masunci ɗan masunci, ya baro gida tun yana saurayi. An ce da aka kai shi bakin tafkin, ya zauna a kan dutse yana kallon ruwan har la'asar ta yi. Daga ranar aka fara ce masa Sarkin Ruwa. Da wasa aka fara, daga baya ba wanda ya ƙara jin wasa a ciki.

Ni ta hanyar ƙugiya na shiga. Wata rana tsohon ya zo shagona da ƙugiyoyi a ƙulle cikin tsumma, ya ce in goge masa ɗan haƙorin da ke jikin kowace. Na ce, "Baba, ai shi ke riƙe kifin." Ya ce, "Na sani, ɗana. Wanda za a mayar ruwa ba a yaga masa baki." Na goge, na ƙi karɓar komai, na ce sai dai a tafi da ni in ga wannan kifi da ake lallashi. Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, ina bayan wanet ɗin wani tela, wato 'yar motar ɗaukar kayansa, tare da mutum takwas.

Kifin kansa ba abin a zo a gani ba ne. Fari-fari ne, mai yawan ƙaya, babbansa bai fi tsawon takalmi ba. Karfasa muke ce masa, duk da Sarkin Ruwa ya ce ko a mafarki ba karfasa ba ce. Amma da na ji zare ya motsa a yatsana karo na farko, sai na manta da cewa ni magidanci ne. Na yi ta surutu har tela ya ce in rufe baki, ina korar masa rabo.

Dokokin tsohon kaɗan ne, kuma ba a rubuta su ba. Ba raga, sai ƙugiya. Kowa kifi uku, wanda bai kai tsawon tafin hannu ba a mayar. Ba wanki da sabulu, ba wanke mota. Kafin kowa ya jefa zare sai mun kwashe yashin da ya toshe idon ruwa, mun tsince gwangwanaye da makiyaya da 'yan yawon shan iska suka bari. Na ga mutanen da suka wuni suna ɗaukar siminti sati guda sun tsuguna suna wannan aikin ba wanda ya sa su. Akwai ɗan Nijar mai gadin gini, akwai ɗan Kano mai aikin gidan burodi, akwai mu haifaffun nan da Hausarmu mai haɗe da Larabci. Ɗan Kano ya taɓa ɓoye kifi na huɗu a aljihun rigarsa. Ba wanda ya yi masa faɗa, sai dai ya shekara ana tambayarsa lafiyar aljihu.

Babbar dokar ita ce rufe ruwa. A garinsu Sarkin Ruwa, in damina ta sauka kifi kan yi ƙwai, sai a hana su har a yi girbi. Haka ya kawo mana. Tun da watannin Musulunci zagayawa suke, ba ya ƙirga da su. Sai ya riƙa tsare duk baƙon da ya iso daga gida, ko ya saurari kaset ɗin gaisuwa da ake aiko wa mutane, yana jiran ya ji an ce ruwa ya sauka. Ranar da ya ji, sai ya aiko mana cewa an rufe. Ba mai zuwa kwarin, ko leƙe, sai labari ya zo cewa an yanke gero. Mun bi wannan shekara huɗu, muna alfahari da shi. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa watannin daminar gida su ne tsakiyar zafin Madina, lokacin da ko ƙarfe ba ya taɓuwa a shagona.

Matata ce ta fara lura. Tana gyaran kifin da na kawo a ƙarshen sanyi, bayan ruwan sama ya cika kwarin, ta kira ni ta nuna mini cikinsa cike da ƙwai. Ta ce bara ma haka ta gani. Na ce mata ta bar abin da masana suka tsara. Ta ce to, ta ci gaba da aikinta. Amma maganar ta zauna mini, domin na ga duk shekara in an buɗe ruwa kifin ya ragu, mu kuwa muna ɗora laifin a kan tsuntsaye.

A shekara ta biyar ruwan sama ya yi ƙaranci. An rufe kamar kullum. Bayan wata biyu na kasa haƙuri, na ari wanet na tafi ni kaɗai da sassafe, na karya doka. Wari ne ya tare ni tun kafin in ga ruwan. Tafkin ya janye ya koma kamar tabarma uku, ruwan ya yi kore ya yi ɗumi. Matattun kifi sun jeru a bakin taɓo, sauran suna sama suna buɗe baki. In aka ƙara sati biyu ba abin da zai rage, kuma ba inda za a samo wasu a duk yankin da muka sani.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Na naɗe mataccen kifi ɗaya a jarida, na wuce Al-Sih. Na tarar da tsohon a ƙofar ɗakinsa yana yankan asawaki, mutum uku na ƙungiya suna shan shayi tare da shi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na warware jaridar na ajiye a kan tabarmarsa.

Na ce, "Baba, ga dokarka. Muna kama su suna da ƙwai, muna rufe musu ido suna mutuwa. Nan ba Yauri ba ce."

Tela ya miƙe ya ce, "Kai, ka san da wa kake magana?"

Tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon kifin, ya juya shi da yatsa. Sannan ya tambaye ni saura nawa, ruwan kuma ya kai ina. Na faɗa masa. Ya ce, "Je ka gida, ɗana." Na tafi ina jin na yi daidai, ina kuma jin kunya, duka biyun a lokaci ɗaya.

Washegari ina buɗe shago na gan shi tsaye da ƙunshi a hammata. Homa ce, ragar hannu irin ta garinsu, wadda ya saƙa tun da daɗewa ya ɓoye, shi da ya hana raga da bakinsa. Ya ce, "Kana da duro? Yanke musu kai, ka wanke su sosai."

Direban tanka ya san wani Balarabe mai gonar dabino a hanyar, yana da birka, wato babban kwamin siminti da injin rijiya ke cikawa kullum. Muka je muka roƙe shi. Ya dube mu, manya da gemu muna nema wa kifi masauki, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce, "Tayyib, ba komai, ku kawo su, baƙi ne."

Zuwan farko ɓarna muka yi. Mun iso da rana ta ɗaga, duron ya yi zafi, kafin mu kai gona rabi sun juya ciki sama. Ɗan Nijar, mutumin da ban taɓa ganin ya nuna damuwa ba, ya koma bayan mota yana share ido. Daga nan muka koyi aikin. Mu tashi da an idar da asuba, mu naɗe duro da jiƙaƙƙun buhuna, mu jefa ɗan guntun ƙanƙara a ciki, mutum ɗaya ya zauna a baya yana ɗiban ruwan da kwano yana zubawa daga sama don su sami iska. Tela yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko mai naƙuda. Kwana shida muka yi a haka, kowa ya koma aikinsa a makare, wasu sun sha faɗan masu gida.

Tsohon shi ke shiga taɓon. Mun hana shi, bai ji ba. A lokacin ya haura saba'in, ƙafafunsa sirara, amma da ya riƙe homar nan sai na ga wani mutum daban. Ba ya bin kifi, tsayawa yake ya sa ragar inda kifin zai zo. Ba ya bari su taɓa busasshen hannu. A kwana shidan nan na ga abin da shekara biyar na zama kusa da shi ba su nuna mini ba, na kuma san cewa wanda na ajiye wa mushe a tabarma ya fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba. In ya miƙo raga, ni yake miƙa wa.

Wata huɗu kifin suka yi a birka. Duk Juma'a muna zuwa dubiya, mai gonar yana ba mu dabino yana tambaya ko baƙinsa sun yi ƙorafi. Wasu sun mutu, yawanci sun rayu. Da sanyi ya shigo aka yi ruwa kwana biyu, kwarin ya kawo, ya wanke taɓon da warin. Muka jira ya lafa, ruwan ya kwanta, sannan muka ɗauko su.

A bakin tafkin muka sauke duro na farko, kowa ya ja baya don Sarkin Ruwa ya fara zubawa. Bai matso ba. Ya zauna a kan dutse ya ce mu zauna.

Ya ce, "Na fi shekara hamsin a garin nan. Kullum addu'ata Allah ya sa a nan za a binne ni. Amma ban taɓa ɗaga kai na tambayi yaushe ruwan garin ke sauka ba. Na gida nake ta ƙirgawa, garin da ko kabarin uwata ban sani ba a cikinsa. Na kashe muku kifi shekara huɗu, ku yafe mini."

Ya juyo gare ni ya ce, "Kai aka haifa a nan. Faɗa mana, yaushe za a rufe, yaushe za a buɗe?"

Ni mai baki, na buɗe shi ban sami komai a ciki ba. Na ce, "Baba, sai na tambayi matata."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce, "To ka tambaye ta, abin da ta faɗa shi ne doka." Sannan ya tashi, ya kama gefe ɗaya na duron, na kama ɗayan, muka karkata shi a hankali. Ina so in ce masa ya yafe mini abin da na yi a ƙofar ɗakinsa, maganar tana bakina, amma na ga yana kallon kifin suna shiga ƙarƙashin dutse, na ce bari sai wani lokaci. Ƙungiyar ta ƙara shekara biyar a kan sabon tsari, ana rufe ruwa a ƙarshen sanyi lokacin da kifi ke da ƙwai, kifin ya yawaita har muka ƙara wa kowa ɗaya. Shi bai ga haka ba, ya rasu kafin sanyi ya zagayo, ban kuwa faɗa masa ba.