Hoton Da Na Guje Wa Shekara Guda

Kusan shekara hamsin ina ɓoye wannan magana, ko 'ya'yana ba su sani ba. Yau zan faɗa.

Farkon zuwan naira ne, ina ɗinki a kasuwar Gumel. Abin ya fara da jini in na zaga. Daga baya bayana ya riƙa fitowa, sai na mayar da hannu. Kowa ya ce basir ne. Na sha saiwoyi har na gaji, zaman keke ya gagare ni.

Yayana Sule ya kai ni wani babban asibiti a Kano. Likitan Ba'indiye ne, tafintansa kuwa Malam Habu, ɗan unguwarmu. Ina ganinsa na sunkuyar da kai.

Habu ya ce, "Likita ya ce sai an yi maka hoton wurin."

Hoto? Ni hoton da na sani shi ne na maƙwabcin shagona, mai liƙa na mutane a ƙofa kowa ya kalla. Na ce a raina, wato Habu so yake ya kai tsiraicina majalisa. Na ce zan kama ruwa, sai tasha.

Shekara guda na ƙara ina wahala. In Habu ya zo gida ya gaishe ni, sai in ga kamar dariya yake ɓoyewa.

Ranar da na faɗi a shago, Yaya ya ce, "Kunyar nan ce za ta kai ka kabari. Tashi!"

Muka koma asibitin. Aka hana ni abinci, aka ba ni maganin wankin ciki. Suka ɗura mini wani farin ruwa kamar kunu ta baya, ana juya ni kan tebur mai sanyi. Kuka na yi, ba don ciwo ba.

Da aka ɗaga hoton, baƙi ne, da farin hanji a naɗe.

Na ce, "Ina ni a ciki?"

Habu ya ce, "Malam Isa, ko Inna ba za ta gane ka ba."

Ya nuna tsiro can sama, inda yatsa ba ya kaiwa. Aka yi aiki, na warke, alhamdu lillahi.

Jama'a, ba kowane jini ne basir ba. In an ce hoto, ku tambayi wane iri, ku tsaya a yi.

Habu ya rasu bai taɓa gaya wa kowa ba. Ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Ku taya ni yi masa addu'a.