Ramuwar Mai Faci

Shagona na gyaran talabijin da rediyo manne yake da rumfar Mai Faci, bango ɗaya ya raba mu, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Ƙato ne, mai kaurin wuya, wanda zai ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai ya jingina da bango ko nishi bai yi ba. Ba ya son surutu. In ka kawo masa aiki zai zare tub ɗin, ya ba shi iska, ya danna shi cikin rabin durom na ruwa, ya nuna maka inda kumfa ke tashi da yatsa. Iyakar hirar ke nan.

Wannan mutumin kuma, duk layinmu, maza da mata, babu wanda ya kai shi son fim ɗin soyayya.

Abin ya samo asali ne shekarar da jak ya zame, mota ta danne masa ƙafa. Ya yi watanni kwance a falo, ga matarsa da babbar 'yarsu kullum da la'asar suna gaban talabijin, suna bin wani wasan kwaikwayo mai dogon zango. Da farko juya musu baya yake yi, yana cewa zancen banza, wa ya taɓa ganin namiji yana kuka saboda mace. Matar ce ta ba mu labari cewa wata rana an ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, sai ta ji an ce daga bayanta, "To yanzu yaya za a yi ta san ba shi ne ya kai ƙarar mahaifinta ba?" Ta waiga, ashe maigidan ne ya tashi zaune, ya manta da ƙafar.

Da ya warke ya sayi wata tsohuwar talabijin a wurina, ya rataye ta can ƙuryar rumfa, bayan tulin tayoyi. Duk wanda ya zo faci a lokacin shiri, sai dai ya jira talla. Ni gyara nake yi, ba na kallo, amma hakan bai hana shi tsare ni da labarin wance da ta ƙi wane ba. Wata rana ya ce da ni, "Mai gyara, mutanen nan in suna son mutum, faɗa masa suke yi da baki. Ni tun da na auri Maman yara ban taɓa ce mata komai ba." Daga nan ya fara sayo mata turare ba tare da dalili ba. Ranar farko sai da ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Tsallaken titi akwai Mai Walda, saurayi ne da ya haura talatin bai yi aure ba. Gwani ne a aikinsa, amma bakinsa ya fi injinsa tartsatsi. Wata la'asar ya ƙetaro aron sifana, ya tarar da Mai Faci zaune da tub a cinya, a talabijin kuma ana nuna wani mai lambu da ya dawo daga tafiya ya iske masoyiyarsa ta rasu. Mai Faci kuka yake yi har kafaɗunsa na rawa, yana share fuska da hannun da ya sha baƙin taya, duk ya yi wa kansa zane. Mai Walda bai yi sallama ba. Ya zaro waya ya ɗauke shi tsaf, sannan ya koma.

Kafin gari ya waye hoton ya zaga ko'ina. Direbobi suka riƙa tsayawa suna cewa, "A yi mana faci, amma kada a jiƙa mana taya da hawaye." Aka laƙaba masa suna Amarya. Duk wannan ya shanye. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ranar da 'yarsa ta dawo daga makaranta ido jawur, ta shige ɗaki ta ce ba za ta ƙara zuwa ba, don an kewaye ta a aji ana nuna mata ubanta yana kuka. Sai da uwar ta yi da gaske kafin ta koma.

Ya ƙetara ya sami Mai Walda, ya ce ya goge hoton. Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube shi yana dariya.

"Haba, Baba, ai wasa ne. Kuma ko na goge nawa, na sauran jama'a fa?"

Mai Faci ya juyo ya dawo. Na bi shi cikin rumfa, don na ɗauka wani ƙarfe zai ɗauko. Na tarar ya zauna yana goge bawul ɗin taya.

"Kada ka damu, ba zan taɓa shi ba," in ji shi. "In na doke shi, jibi ya warke. Abu guda na koya wurin mugayen cikin fim, ba sa gaggawa."

Daga ranar ya canza. In an kira shi Amarya sai ya amsa da murmushi. Mai Walda ya zo aron guduma, a ba shi, ya zo aron waya ya ja wuta, a ba shi har da tambayar lafiyar tsohuwarsa. Jama'a suka ce Mai Faci ya cika mai haƙuri. Ni kaɗai nake ganin yadda murmushin ke ɓacewa da zarar saurayin ya juya baya. Haka aka ci fiye da shekara.

Sai aka buɗe kemis a kusurwar layin. Mai shagon bazawara ce, mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Tana da 'yar talabijin a saman kantar magani, kuma da la'asar matan layin, har da tawa matar, can suke taruwa kallo. Mai Walda ya kamu da sonta. Mutumin da bai taɓa ciwon kai ba ya koma sayen maganin ciwon kai safe da yamma. Amma da ya tsaya gabanta, bakin nan mai tartsatsi sai ya mutu, ya karɓi magani ya fito yana zufa.

Ina zaune a rumfar Mai Faci sai ga Mai Walda ya shigo yana sosa ƙeya.

"Baba, taimako na zo nema. Matar nan ba ta da zance sai na fim, ni kuwa ko ɗaya ban taɓa kallo ba. Duk layin nan kai kaɗai ne namijin da ya san abin da suke so a faɗa musu."

Mai Faci ya ajiye gam ɗin da ke hannunsa a hankali, ya jawo masa benci.

"Zauna, ɗana. Ka zo inda ya dace."

Ya ce mace irin wannan ba a zuwa mata hannu rabbana, kuma ba a kai mata abin da kowa zai iya saya. Ya ce masa ya ƙera mata keji da hannunsa, ɗan ƙarami, ya shafa masa farin fenti, ya sa tsuntsu a ciki. Ya ce ya kuma nemi zobe mai baƙin dutse ya sa a ɗan yatsa, in zai yi magana ya riƙa murza shi a hankali. Sannan ya koya masa kalmomin da zai faɗa, ya sa shi ya maimaita har suka zauna masa. Ni kaina da na ji su, na ce lallai kallon nan bai tashi a banza ba.

Abin da ni da Mai Walda ba mu sani ba shi ne, a wasan da ake yayi a lokacin akwai wani mugun attajiri da matan layin ke kira Mai Zobe. Duk macen da ya yi niyyar halakawa, farin keji yake fara kai mata da tsuntsu a ciki, ya murza zobensa, ya faɗa mata waɗannan kalmomin. Wadda ta karɓa, sai ya aure ta ya kulle a bene har ta zauce. Mata sun tsane shi har wata ta taɓa jifan talabijin ɗinta da takalmi, ni na canza mata gilashi.

Mai Walda ya zuba duk gwanintarsa a kejin nan, har da 'yar ƙofa mai sakata. Mai Faci ya zaɓa masa lokaci, ya ce ya je da zarar an gama shiri, lokacin zuciyarta ta yi laushi. Ranar ya fito da benci bakin titi ya ce da ni, "Mai gyara, fito ka sha iska." Muka ga saurayin ya wuce cikin sababbin kaya, keji a hannu, yana ta motsa baki.

Abin da ya faru a ciki, matata ce ta faɗa mini. Shagon cike yake da mata, kuma a shirin ranar Mai Zobe ya kai wa wata marainiya kejinsa, kowa ransa a ɓace. Sai ga Mai Walda ya ɗora farin keji a kan kanta, ya murza zobe, ya sassauta murya ya ce, "Na kawo miki ɗan'uwanki. Abu mai kyau ba a barinsa a waje, kowa ya kalla. Ki bar ni in zama ƙofarki."

Wata tsohuwa ta jawo jikarta ta ɓoye a bayanta. Sai wata ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka, har da masu zama a ƙasa suna riƙe ciki. Mai Kemis kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dube shi ta ce, "Ɗauki abinka ka fita. Na taɓa zama a cikin irinsa, da ƙyar na fito."

Ya fito bai san me ya yi ba, sai da wata ta bi shi waje ta warware masa. Ya yar da kejin a bakin kwata, ƙofar ta buɗe, tsuntsun ya yi gaba. Daga baya wata maƙwabciya ta ɗauke kejin tana sa 'yan tsaki. Shi kuwa ya nufo mu, ya tsaya yana huci, yana cewa an ci amanarsa, an kashe masa aure. Mai Faci ko tashi bai yi ba.

"Haba, ɗana," ya ce, "ai wasa ne."

Ba wanda ya ɗauki hoto ranar, amma bakin mata ya fi waya sauri. Kafin mako ya ƙare, ba mai kiran sa Mai Walda. Mata in sun hango shi sai su ce a ɓoye 'yan mata, ga Mai Zobe nan. Masu kawo aikin ƙofa da taga su tambaye shi ko yana yin keji.

A gida kuwa Mai Faci bai sha da daɗi ba. Maman yara ta ce masa, "Shi ya yi maka, ka rama, na ji. Ita baiwar Allahn nan me ta yi maka da ka tono mata ciwonta a gaban mutane?" Washegari ya sa riga mai tsabta ya je kemis, ya tsaya daga bakin ƙofa ya faɗa mata gaskiyar yadda aka yi, ya ce bai san tarihinta ba, ta yafe masa. Ta ce ta yafe, amma ya sani ita ba makamin kowa ba ce. Ya dawo rumfa. Na ce masa tun da ya fara, ya ƙarasa, ya ƙetara su shirya da yaron nan.

"Ita na zalunta, na ba ta haƙuri," in ji shi. "Shi kuwa, rama cuta ga macuci ibada ce."

Bayan wasu watanni Mai Walda ya kwashe kayansa ya koma can ƙarshen titi, kusa da masu katako. Ya yi aure daga baya, matar daga wata unguwa. Har yau ba sa gaisawa.

Kwanakin baya, da rana tsaka, tayar babur ɗin Mai Walda ta sace daidai gaban rumfar Mai Faci, ga damin rodi ɗaure a baya. Ya sauka ya dubi tayar, ya dubi rumfar. In ba nan ba, wani mai facin sai can bayan gada, tafiya ce mai nisa. Ya kama kan babur ya fara turawa. Mai Faci ya rage muryar talabijin, ya fito da kujerarsa tsakiyar rana, ya zauna ya harɗe ƙafa, yana kallon sa har ya sha kwana.