Shinkafar da Muka Ci a Bakin Tafki

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara leƙo ƙasar Kazaure, ina koyarwa a wata firamare kusa da Roni. Bayan makarantar akwai tafki a gindin dutse. Yaran gari su yi iyo, yaran Fulani su shayar da shanu su ma su faɗa ciki, 'yan mata su tsinci kanya a gefe. Can nake kai 'yan ajina darasin halittu, don ban taɓa ganin allo ya haifi kwaɗo ba.

Sai ga wani abokina, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare, ɗaki ɗaya, kuɗin cizo ɗaya. Ya ajiye alli ya kama kwangila, ya yi tumbi ya yi mota. Ya ce so ake yaran karkara su samu wurin shaƙatawa irin na birni: a share ƙaya, a dasa itatuwa, a kafa lilo.

"Yaranka nake so, Malam. Gayya za mu yi."

Na ce, "Yaran nan suna shaƙatawa a wurin tun ba a haifi gwamnati ba."

"Amma ba bisa tsari ba," in ji shi.

Kalmar tsari tana da tasiri a kan malamin makaranta. Na bi gida gida na roƙi iyaye, na ba su bakina cewa wurin na 'ya'yansu ne. Ranar Asabar yara suka fito da fartanya da adda. Da azahar motarsa ta sauke tukwanen shinkafa da nama, har da lemon kwalba. Muka ci, muka sa masa albarka. Duk ranin nan yaran ne suka yi ta shayar da darbejiyar da aka dasa, da gwangwani.

Bayan damina aka zagaye tafkin da waya, aka gina gidan saukar baƙi, aka sa maigadi. Lilon ma an kafa, ban yi masa ƙarya ba, yana ciki an shafe shi da jan fenti.

Na sami abokin nawa a bakin ƙofa, a inuwar darbejiyar da yarana suka shayar.

"Alhaji, ina alkawari?"

"Haba Malam, kai da ka san al'ada. Aikin gari, kowa da guzurinsa yake fita. Ranar nan wa ya ɗora tukunya?"

"Kai ne."

"To wa ake yi wa gayya in ba mai tukunya ba?"

Ya yi dariya, ya ce ni kam ƙofa a buɗe take gare ni ko yaushe, zai gaya wa maigadi. Ban taɓa shiga ba.

Da makon darasin kwaɗo ya zagayo, a allo na zana shi. Ta taga muna jin na gasken suna kuka a bayan waya.