Ruwan da ke Ƙarƙashin Takalman Inna

Babanmu bai iya zama ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran lagireto a gareji, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya same shi a kan benci ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake sauraron rediyo. Ko gaisuwa ya je aka matsa masa ya zauna, sai ka ga ƙafarsa tana rawa kamar mai taka keken ɗinki. Abokan aikinsa Ba-Zama suke ce masa, har sunan ya cinye na yanka.

Da ciwon gwiwa ya raba shi da gareji, abin da ya rage masa shi ne motarsa, wata tsohuwa ruwan ƙasa wadda ta girme ni da shekara biyu. Da ita yake kai mahaifiyarmu, Inna, kasuwa da asibiti, tana gefensa tana mita, shi kuma yana "na ji, na ji" alhali ko kalma ɗaya bai ɗauka ba. Wata huɗu ke nan da rasuwar Inna. Tun ranar ya kulle ƙofar gefenta. Duk wanda zai ɗauka, komai girmansa, baya zai zauna.

Ana cikin haka motar ta tsiri shan ruwa. Da safe Baba zai cika lagireto da koren ruwan nan nasa, kafin la'asar allurar zafin inji ta haye sama. Sau biyu tana tsayawa da shi a hanya. Na biyun a kan gada ne, da tsakar rana, ya fito yana turawa da wannan gwiwar tasa da hawan jininsa, sai da wani mai shago ya kira yayanmu a waya.

Yaya ya zo gida ransa a ɓace.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ranar Asabar zan dawo. In ba a gano inda take yoyo ba, makullin nan zan tafi da shi. Duk inda za ka, ni zan kai ka."

"Ni za ka kai? Kamar buhun gawayi?" in ji Baba.

 Ni kuwa na san mutumina. Ranar da aka karɓe makullin nan Baba zai zauna, in kuma ya zauna ba na jin zai ƙara tashi.

Baba yana da ƙa'idarsa ta neman yoyo. Yakan ce ruwa ba ya ƙarya, duk inda ya bi sai ya bar sawu: wani farin busasshen layi a jikin ƙarfe ko bakin tiyo. Bin sawun nan shi ne rabin aikin. Ni ban san da haka ba. Ranar Laraba, don neman albarka, na ɗauki motar yana masallaci na kai wurin wanki, na ce a wanke har inji, wai don ya fi ganin komai sarai. Da ya ɗaga murfin ya ga injin yana ƙyalli, sai ya dafe kai.

"Auta! Wa ya aike ki? Ɓarawo ya shigo gida, ke kuma kin bi da tsintsiya kin share sawunsa!"

Na so in ce ai taimako na yi, na ga fuskarsa na haɗiye. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Alhamis da Juma'a gidan nan babu wanda ya huta. Ya shimfiɗa sabon kwali a ƙarƙashin motar, ya ce a bar ta awa biyu. Minti biyar bai cika ba ya janyo kwalin yana dubawa. A bushe. Ya matsa kowane tiyo da hannu. Ya zaro sandar auna mai ko zai ga ya koma kamar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga inji, man nan baƙi ƙirin, lafiya lau. Ya sa na tayar da motar ya tsaya a baya yana shinshinar hayaƙi. Ya sake murfin lagireto. Ya aro famfon gwaji a tsohon garejinsu ya hura iska a ciki: allurar famfon tana sauka a hankali a gabansa, ruwa na fita, amma ƙasa ko ɗigo. Ya zagaya motar ya fi sau ɗari yana ɗingishi yana magana da ita kamar mai bin bashin amsa.

Asabar da hantsi Yaya ya iso, ya jingina da bango. Ni ina goge gilashin gaba, sai na lura ta gefen Inna ya yi wani hazo mai maiƙo daga ciki. Na leƙa ta tagar direba, wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya doki hancina. Nan take muryarta ta dawo mini.

"Baba," na ce, "ka tuna Inna tana cewa takalmanta suna jiƙewa a mota? Ka ce ai gorar ruwanta ce ke zuba."

Ya tsaya cak. Tun da nake ban taɓa ganin ya tsaya haka ba.

Ya daɗe kafin ya zagaya ya sa makulli a ƙofar gefen Inna. Takalmanta na zuwa asibiti suna nan a jere inda ta bar su. Ya ɗauke su, ya ɗaga shimfiɗar ƙasan, ya danna da tafin hannu. Koren ruwa ya tsattso ta tsakanin yatsunsa. Akwai wani ɗan ƙaramin lagireto na ɗumama cikin mota, a ɓoye daidai saman ƙafafun mai zama a nan, shi ne ya huje. Ashe tun Inna tana raye ya fara ɗiga kaɗan-kaɗan. Mutumin da ya gyara irinsa ya fi ɗari ba mantawa ya yi ba. Ko'ina ya duba, ban da wurin da sai ya buɗe ƙofar nan.

Sai ya zauna a kujerarta, takalman a cinyarsa.

"Ta faɗa mini," ya ce. "Sau uku ta faɗa mini. Na ce na ji."

Na fashe da kuka, ban ma ji kunya ba. Yaya ya juya mana baya yana goge ido da hannun riga.

Gyaran bai ci minti ashirin ba. Ya cire tiyo biyun da ke kai ruwa wurin, ya haɗe bakinsu da guntun bututu, ya ɗaure, ya cika ruwa, ya sake hura famfo. Allura ta tsaya ƙyam. Yaya ya zo ya duba, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba," ya tafi bai ko kalli makullin ba.

Na zaci zai tayar da mota ya fita gwaji kamar kullum. Maimakon haka ya wanke takalman a bakin famfo, ya jera su a rana a kan dakali, ya jawo kujera kusa da su. Na ce ya shigo ciki, rana ta yi zafi. Ya ce in bar shi, zai jira su bushe.