Ƙudurin Wan Mijina

Shekarar da aka zaɓi kansiloli ina aikin buga tafireta a ofishin sakataren majalisar garinmu. Lokacin ba a fara ce wa garin Suleja ba, Abuja muke ce masa, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birnin da za a gina. Mu biyu ne mata a ofishin, ni da wata 'yar kudu, Kirista, wadda take haya a bayan kasuwa. Ita ta koya mini yadda ake jera takarda huɗu da kabon ba tare da sun zame ba.

Ina da shekara ashirin da shida, kuma shekara biyu ke nan da mutuwar mijina. Malamin gona ne. Yana dawowa daga Sabon Wuse a kan babur wata motar katako ta bi ta kansa. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, babbar tana shekara biyar, ƙaramar tana uku.

Da na fita takaba sai wansa ya zo wurin mahaifina a unguwar Hashimi, ya ce yana roƙon a bar masa yaran su tashi a gidan ubansu a unguwar Wambai. Shi da matarsa sun shekara goma sha huɗu Allah bai ba su haihuwa ba. Mahaifina ya kira ni zaure ya faɗa mini a gabansa. Ya ce, "Kada a ce mun raba marayu da dangin ubansu. Ke yarinya ce, wani auren za ki yi." Na sunkuyar da kai na ce to. Ba wanda ya tilasta mini, kuma na san da na ce a'a ba alƙalin da zai karɓe su daga hannuna. Kara ce ta hana ni. Auren da ake ta faɗa kuwa ban yi ba, na nemi aiki.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan je in gan su. Matar wan mijina mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Takan shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kunun zaƙi, ta kira yaran su gaishe ni. Su gaishe ni su koma wasa. In la'asar ta yi sanyi in ɗauki mayafina.

Wan mijin nan nawa shi ne kansilan da unguwarsu ta zaɓa. Tsohon hedimasta ne, dogo, ba ya son hayaniya. A gida Yaya nake ce masa, a ofis kuma ranka ya daɗe, kamar kowa. Wata Litinin cikin damina masinja ya ajiye mini takarda da rubutun hannunsa, aka ce in buga ta cikin abubuwan da za a tattauna a zama mai zuwa. Ƙuduri ne yana neman majalisa ta ware rana ɗaya a kowace shekara a kira ta Ranar Iyali, a rufe makarantu da ofisoshi, kowa ya zauna da nasa, a ziyarci 'yan'uwa.

Na karanta sau biyu kafin in sa takarda. Abin da ya faɗo mini a rai ba wani babban abu ba ne. Na ce in aka yi wannan rana, ai ba zai iya hana ni yaran wuni guda ba, tunda shi ya kawo maganar. Zan zo da su Hashimi tun da hantsi, in yi musu kitso da hannuna. Har na fara tunanin abin da zan dafa.

Ranar zaman, akawun da yake rubuta abin da aka tattauna ya tafi kwas Minna. Sakatare ya leƙo ya ce in ɗauko littafi da fensir in biyo shi. Ban taɓa shiga ɗakin ba ana zama. Aka ba ni kujera a lungu, bayan ciyaman, kusa da taga. Ana yayyafi, rufin kwano yana ta ƙara, sai na miƙa wuya kafin in ji na can ƙarshen tebur.

Sai da aka gama maganar kwalbati da rumfunan kasuwa sannan aka zo kan ƙudurin wan mijina. Ya miƙe, ya gyara hula. Ya ce tun da aka sanar za a gina babban birni a kusa da mu garin ya canja. Zauren da kakanni suka zauna an fasa bangonsa an mayar da shi shago. An yanka tsakar gida an yi ɗakunan haya. Wa da ƙani sun daina gaisawa saboda fili. Magidanta sun bi 'yan kwangila daji, sai a yi wata ba su ga 'ya'yansu ba. Ya ce shi bai ce rana ɗaya za ta gyara wannan ba, amma aƙalla a san hukuma ta gani.

Wani dattijo, malamin zaure wanda yake kansila, ya ce shi bai ga abin da ya kawo wannan ba. "Muna da Salla biyu, muna da Juma'a duk mako. Wanda bai je gidan ɗan'uwansa a waɗannan ba, takardar ofis ce za ta kai shi? Zumunci a ƙafa yake." Wasu suka gyaɗa kai.

Sai kansilan ƙauyukan Gwari ya nemi magana. Kirista ne, gajere, Hausarsa tana da nauyi amma ba ya kuskure. Ya ce shi yana goyon baya, sai dai yana da tambaya. Mutanensa an ce musu za a tashe su, ba a gaya musu yaushe ba, ba a gaya musu ina ba. Tsofaffi sun daina gyara rumbu. "In an sa ranar," in ji shi, "a ina za mu taru? A inda kaburburan iyayenmu suke, ko a inda za a zube mu?" Ciyaman ya ce wannan magana ta fi ƙarfin ɗakin nan.

Da a nan aka tsaya da ban riƙe ranar ba. Amma akwai wani kansila ɗan kasuwa, mai son a yi dariya, ya ce shi kalmar ce ba ta yi masa ba. Ya ce in Bahaushe ya ce iyali, matar mutum da 'ya'yansa yake nufi. To gwauro fa, ranar nan zai zo aiki ke nan shi kaɗai? Aka yi dariya. Ya ji daɗi, ya ƙara. "Wanda ya yi aure bai haihu ba kuma, rabin rana za a ba shi? Don shi kansa mai ƙudurin..."

Bai ƙarasa ba. Wani ya taɓa masa hannu.

Wan mijina ya sake miƙewa, ya dafa tebur da hannu biyu. Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Ciyaman, a rubuta. Ina da 'ya'ya biyu. A gidana suke kwana, a gidana suke tashi, ba su san wani uba ba sai ni, ba su san wata uwa ba sai matata. Allah ne ya ba ni."

Ciyaman ya waiwayo ya ce mini, "Kin rubuta?"

A lokacin ne wan mijina ya dubi lungun da nake. Na ga fuskarsa ta sauya. Na ce, "Na rubuta, ranka ya daɗe." Kuma na rubuta ɗin, kalma da kalma, har bakin fensirin ya karye na ɗauko wani.

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi sosai ba sai daga littafin. Sakatare ya tunatar da su cewa ba da hutu ba ikon majalisa ba ne, sai gwamnan soja ya sa hannu. Wani ya ce a rubuta wa Minna, wani ya ce za a yi mana dariya. Aka ɗaga hannu, masu cewa a miƙa wa kwamiti suka fi yawa. Aka koma maganar harajin shanu.

Washegari na buga komai. Abokiyar aikina tana karanta mini ina bugawa, da ta iso maganar wan mijina sai ta ajiye littafin. Ta san labarina. Da Hausarta ta 'yan kasuwa ta ce, "Ki bari ni na buga wannan." Na ce mata a'a, aikina ne.

Bayan kwana biyu wan mijina ya shigo ofis ana dab da tashi. Abokiyar tawa ta ɗauki buta ta fita. Ya tsaya a bakin teburina, bai zauna ba.

"Ina wuni, ranka ya daɗe."

"Bar wannan," ya ce. "Kin gama buga na ranar nan?"

"Na gama, Yaya. Yana wurin sakatare."

"Akwai maganar da nake so a cire."

"An riga an raba kofi."

Ya dubi tafireta. Can ya ce, "Wallahi na manta kina wurin. Mutumin nan ya taɓa ni inda yake mini ciwo."

"Na sani, Yaya. Amma da ba na wurin, ai dai haka ne a zuciyarka."

Bai musa ba. Ni kuma da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba tun da aka kai ni gidansu, ranar na dube shi. Na ce, "Ba su san wata uwa ba, ka ce. Gaskiya ka faɗa. Ni na bari aka yi haka. Ina roƙonka ka ba ni ko ɗaya ce."

Ya cire hularsa. Sannan ya ce, "Zan yi magana da ita," yana nufin matarsa. Ya fita da hularsa a hannu.

Ban sa rai ba. Amma ranar Lahadi da hantsi ina wanki sai na ji sallama. Matar wan mijina ce, riƙe da hannun ƙaramar, da ƙullin kaya a kanta. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Ga 'yarki. Babbar an sa ta makaranta kusa da mu, sai a bar ta tukuna." Ta kwance ƙullin tana nuna mini: wannan rigar ita take so, ba ta cin kuka sai kuɓewa, in za ta yi barci sai an sosa mata baya. Ina tsaye ana gaya mini halin 'yar da na haifa. Da za ta tafi sai ta ce wa yarinyar za ta je kasuwa ta dawo.

Kwana tara ta yi a wurina. Ba ta yi kuka mai ƙarfi ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Takan ɗauki 'yar kujera ta kai bakin ƙofar tsakar gida ta zauna tana kallon zaure. In na kira ta takan zo, ta durƙusa, ta ce, "Na'am, Goggon ofis." Haka suke kirana ashe in ba na nan. Na yi miyar kuɓewa, ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi. Na saya mata 'yar tsana da awarwaro, ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye su cikin ƙullinta ta ce za ta nuna wa yayarta. Kullum in na dawo aiki tambayarta ɗaya ce, "Inna ta dawo daga kasuwa?"

A kwana na bakwai zazzaɓi ya kama ta. Na kai ta asibiti aka yi mata allura, aka ce ba wani abu ba ne. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Ciwon nan ba na allura ba ne, kin sani." Na ce na sani.

Ranar Talata ban je aiki ba. Na yi mata wanka, na yi mata kitson da na daɗe ina so in yi, ta zauna tsakanin ƙafafuna ba ta motsa ba har na gama. Na ɗaure mata kayanta, na goya ta duk da ta wuce goyo, muka kama hanyar Wambai. Ƙasa ta jiƙe, ina ta kauce wa taɓo. Tana bayana har muka karya kwanar gidan, ta hango bishiyar mangwaron ƙofarsu. Ta fara zillo tana cewa in sauke ta. Na sauke ta, ta ruga da gudu, takalminta ɗaya ya cire ba ta tsaya ba. Na tsince shi na bi ta.

Na tarar da su a tsakar gida, ita da yayarta sun ƙanƙame matar, matar tana kuka. Wan mijina ya fito daga ɗaki ya tsaya. Ya ce, "Ba mu muka ce ki dawo da ita ba." Na ce, "Na sani, Yaya. Ni na ga dama." Na ajiye ƙullin da takalmin a kan turmi. Aka kawo mini ruwa na sha, don kada a ce na yi fushi.

Ƙudurin bai sake fitowa ba. Kwamitin bai taɓa zama a kansa ba, har wa'adin majalisar ya ƙare aka shiga siyasar jam'iyyu. Wan mijina bai sake tsayawa takara ba. Ya riƙe yaran da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Dukansu sun yi karatu, shi ya aurar da su, kuma a kowane biki ya sa an zo an ɗauke ni an zaunar da ni a gaba. Da ya kwanta ciwon ajali ya aika a kira ni, ya ce in yafe masa. Na ce ban riƙe shi da komai ba, kuma a lokacin da na faɗa kusan gaskiya ne.

Yanzu su biyun sun san ni ce na haife su, suna zuwa, suna yi mini hidima, ba abin da na rasa. Wata rana ƙaramar ta zo da jikokinta, muna zaune ina gyaran wake, na tambaye ta ko tana tuna lokacin da ta zo ta yi kwanaki a gidanmu na Hashimi. Ta yi tunani sosai, don ba ta so ta ɓata mini rai. Sai ta ce ita dai ta tuna akwai wani gida da aka taɓa kai ta mai rijiya a tsakiya, amma ba ta san gidan wa ba ne.